Yayana Mai Ji Da Tafin Ƙafa

Ke da kike sammakon zuwa tashar nan kullum, kin san abin da ke wurin kafin a shimfiɗa wannan daɓen mai santsi da kuke ta gogewa? Ba ki sani ba. Ina za ki sani, kina goye aka yi abin. Ajiye wayar nan tukuna, ba guduwa za ta yi ba. Daidai inda shagonku yake, inda kike sayar wa mutane caja da rigar waya, nan ne ɗakin saƙa. Masaƙa ce a wurin, babba, in kin tsaya a wannan ƙofa ba kya gane fuskar wanda ke waccan. A cikinta Yayana ya ƙarar da ƙuruciyarsa, ya bar kunnuwansa.

Uwa ɗaya uba ɗaya muke, shi ne babba ni ce auta, na tsakiyar duk ba su yi rai ba. Babanmu ya rasu gemun Yaya bai fito ba, sai ya je ya yi ta tsayuwa a ƙofar masaƙa har aka ɗauke shi shara. Daga shara ya koma tura amalanken zare, daga nan aka ba shi inji. Siriri ne, ga zafin nama, yanzu yana nan yanzu yana can, shi ya sa abokan aikinsa suka sa masa Ƙoshiya, wannan ɗan katakon da ke kai zare yana dawowa a cikin saƙa. Ni dai Yaya nake ce masa, shi kuma har na yi furfura Auta yake kirana. Ya yi aure sau ɗaya, matar ta tafi wurin haihuwa ita da abin cikin, bai ƙara ba. Da na isa aure shi ya aurar da ni ga kakanki, wanda ke ɓangaren rini, aka ba mu ɗaki a kwatas ɗin ma'aikata jikin nasa. Bango ɗaya ya raba mu.

Sau ɗaya na taɓa shiga ɗakin saƙar, ranar da jikin innarmu ya tashi aka aike ni in kira shi. 'Yar nan, ban san akwai ƙara irin wannan a duniya ba. Ba a kunne kike jin ta ba, a haƙora kike ji, a cikin ciki. Ga ƙurar auduga tana yawo, ta manne wa kowa a gira, samari duk sun zama tsofaffi. Na buɗe baki na ƙwala masa kira iya ƙarfina, ni kaina ban ji muryata ba. Sai na ga wani dogo can nesa ya dube ni, ya juya ya motsa leɓe kawai. Kafin in ankara ga Yaya a gabana yana goge hannu, ya riga ya san inna ce ba lafiya. Ashe dogon nan ya karanta bakina tun daga inda yake tsaye.

Haka suke magana a wurin. Ba mai koya wa wani, ƙarar ce ke koya maka. Su buɗe baki sosai su fitar da magana ba murya, a haɗa da ɗan yatsa ko gira. Daga wannan bango zuwa wancan za su yi hira, su yi gulmar heluma, mai kula da su ke nan, yana tsaye a tsakiyarsu da hannu a baya yana zaton aiki kawai ake. In mutum zai faɗi sirri ba murya yake ragewa ba, hannu yake sawa ya kare bakinsa.

Dogon nan shi ne Gajere. Eh, Gajere, kar ki yi min dariya, sai ya sunkuya yake shiga ƙofarmu. Injinsa na kallon na Yaya, fuska da fuska suka tsufa. Ko a waje ba su daina ba. A wurin zaman makoki wannan yana tabarmar nan wancan yana ta can, kowa ya sunkuyar da kai, su kuwa leɓe na ta aiki. Akwai ranar da Yaya ya kasa riƙewa ya fashe da dariya ana tsakiyar addu'a, labari ya iso mana har cikin gida wurin mata, kunya kamar in nutse. Da muka dawo na tsare shi.

"Yaya, don girman Allah me ya ba ka dariya a gidan mutuwa?"

"Ba ni ba ne, Auta, wancan ja'irin ne. Cewa ya yi ɗan marigayin da ido ɗaya yake kuka, ɗayan yana kan keken uban."

Kunnen ba rana ɗaya ya tafi ba. Da farko sai an maimaita masa. Daga baya ya daina jin kukan yara, ya daina jin kiran salla, sai dai ya ga mutane sun miƙe. Muryarsa ma ta ɓace masa, wani lokaci ya yi miki ihu kina gabansa, wani lokaci ya yi ta magana iska kawai ke fita. Ba shi kaɗai ba, duk wanda ya daɗe a ɗakin nan haka ya ƙare. A layinmu in kin buga ƙofa ba a amsa ba, ba kya cewa ba kowa, turawa kike.

Amma Allah bai bar su haka ba, sai Ya mayar musu da jin tafin ƙafa. Ba takalmi suke aiki, Yaya ya ce daɓen ke gaya musu komai, in amalanke na tahowa ta bayanka, in injinka ya fara tari, in na maƙwabcinka ya tsaya. A gida ma in na shigo ta bayansa, kafin in taɓa shi zai ce, "Auta, kin ƙara nauyi." Silifas ɗinsa kuwa sai ya cinye ya koma kamar ganye sannan yake jin daɗinsa. Kakanki ya taɓa sayo masa takalmi mai kaurin ƙasa, na mutunci, ya sa ya ɗan taka ya cire ya miƙa masa.

"Na gode, suruki, amma wannan ai toshe min kunne ka yi."

An daɗe ana cewa za a rufe masaƙar, ba wanda ya yarda. Ranar da aka kashe injinan na kai masa shayi da safe, na same shi zaune bakin gado ya dafa ƙafa biyu a ƙasa, bai ko dube ni ba. Ya ce, "Auta, ƙasa ta mutu." Mu masu kunne shiru muka ji. Shi tun yana yaro ƙasar unguwar nan ke rawa a ƙarƙashinsa, ranar ta daina.

Masaƙa ta tafi, sauran kamfanonin layin suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, na sabulu, na roba, na kwali. Rumfunansu suka koma wurin ajiye kaya, tireloli suka mamaye unguwa. Kuma duk mai shiga gari daga wannan ɓangaren ta titinmu zai bi, don kasuwa da ofisoshi da asibiti duk suna can tsakiya. Ku yaran yanzu ba ku san gosulo ba. Mota ta tsaya a ƙofarmu da hantsi, ki gama girki ki leƙo ki same ta ba ta kai bakin famfo ba. Ni da nake wankau, in na shanya fari sai in kwashe toka-toka saboda hayaƙi. A cikin cunkoson nan kakanki ya cika, a bayan tasi, kansa a cinyata, ko unguwar ba mu fita ba. Saboda haka kar ki ji ina ba ki labarin nan ki zata ina kewar wancan titin. Ba na kewarsa. Na tsine masa ya fi a ƙirga.

Sai dai ga su Yaya, titin nan tsakar gida ne. Kwatas ɗin biyu ne, namu a wannan hannu, na su Gajere a tsallake. Motar da ke tsaye me za ta yi wa kurma? Ratsawa suke ta tsakani, Yaya ya dafa bonet ya ji injin, ya san wannan ba yanzu za ta motsa ba, ya wuce. In tirela ta ja, tun daga nesa ƙafarsa ta gaya masa. Kullum bayan hantsi yana tsallake wurin Gajere, su zauna a benci su yi ta tauna iska suna dariya. Sauran tsofaffin masaƙa kuwa, wasu sun rasu, wasu 'ya'yansu sun kwashe su, a hankali har ya rage su biyu ne kaɗai masu wannan magana a unguwar.

Ana nan sai Gajere ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa ya shanye. Hannu ya tafi, ƙafa ta tafi, murya ta tafi gaba ɗaya, bakin ya karkace, rabinsa ne kawai ke motsi. Matarsa ta riga shi. Ɗansa direban babbar mota ne, sai ya yi makonni ba ya gari, jinya ta faɗa kan surukar, yarinya ce mai haƙuri, ga goyo. Tana iya ƙoƙarinta, amma ba ta san me yake so ba. Ya nemi fo ta kawo ruwa, ya nemi a juya shi ta ƙara masa bargo. Ranar da na raka Yaya dubiya mun same ta tana kuka a bakin ƙofa, ta ce kwana biyu ke nan yana motsa baki hawaye na zuba, ta rasa gane kansa.

Yaya ya ja kujera ya zauna daidai fuskarsa, ya ƙura wa leɓen ido. Can ya ce, "'Yata, ɗaga shi ki duba ƙasan kafaɗarsa." Ta ɗaga. Ashe wata waya ce ta katifa ta ɓullo ta shige masa fata, wurin har ya fara ruwa. Ta saki salati, ta durƙusa tana ba shi haƙuri. Gajere ya sake motsa baki.

"Me ya ce, Baba?"

"Ya ce ya yafe miki wayar, amma shayinki ne ba zai yafe ba, kamar an ɗauraye kofi."

Tana hawaye tana dariya. Na ce, "Yaya, da rabin baki kake gane shi?" Ya ce, "Ya ishe ni. Dama rabin maganarsa ƙarya ce, ita ta shanye."

Daga ranar Yaya ya zama bakin Gajere. Shi ke faɗin inda ke ciwo, shi ke gaya wa mai magani abin da ya ji, shi ke juya shi, ya yanke masa farce, ya zauna su yi hirar mutanen da duk sun mutu. In Yaya bai je ba, Gajere ya koma kamar kayan ɗaki, a ba shi abin da aka ga dama a lokacin da aka ga dama. Kowa a layin ya san haka.

To sai ga mutanen gyaran gari. Aka ce za a rushe tsofaffin kamfanoni a yi babbar tasha, a yi kasuwa da ofisoshi da ƙaramin asibiti a nan, don ba sai kowa ya tafi tsakiyar gari ba, a kori tireloli can waje, a buɗe titi. Wallahi na yi murna, har sadaka na yi. Mota mai lasifika ta yi ta zagaya layinmu tana bayani, safe da yamma. Lasifika fa, a unguwar kurame. Yaya yana zaune a ƙofa ya ga yara na bin ta, ya tambaye ni ko maganin basir ake tallatawa.

Da katafila ta fara cin bangon masaƙa na zata zai yi baƙin ciki. Ina! Fitowa ya yi ya cire silifas ya tsaya a ƙasa yana murmushi, ya ce ta farfaɗo. Duk tsawon ginin nan yana cikin walwala, ana haƙa ana daka, shi kuwa yana ratsa ramuka da tarin yashi yana zuwa wurin abokinsa. Kwatas ɗinmu ba a taɓa shi ba, na su Gajere ma haka. Abin da ke tsakaninmu ne ya canza.

Ranar da aka buɗe titin na fito na tsaya na kasa gane unguwarmu. Faɗi kamar fili, kwalta baƙa wuluk, motoci na wucewa fuu, ba mai tsayawa. A tsakiya aka ware hanya aka shafa mata jan fenti, ta dogayen motocin nan na lantarki da kike hawa. Kin san su, ba hayaƙi ba ƙara, sai dai ki ga abu kamar gida ya gifta ki. Aka kafa shingen ƙarfe gefe da gefe. Mai son tsallakawa sai ya gangara har ƙofar tasha ya hau gadar sama.

Yaya ya gwada gadar, kar a ce bai gwada ba. Amma mutumin da ya yi rayuwarsa a tsaye gaban inji, gwiwoyinsa sun riga sun zama kamar ƙwarya. Na raka shi, ya hau kaɗan ya zauna, ya hau kaɗan ya zauna, mutane na ratsa mu suna tsaki. Mun fita da hantsi, sai da rana ta take muka sauka wancan hannun. Dawowa kuwa wasu samari ne suka tallabo shi. Ya kwanta ƙafa ta kumbura kamar turmi, ko bakin ƙofa ba ya iya zuwa.

Bai kai ga miƙewa ba sai ga surukar Gajere da goyonta, ta hau gadar nan ta zo. Ta ce Baba ya daina cin abinci. In ta kai cokali sai ya datse haƙora ya kafe ƙofa da ido. Bakinsa na ta motsi, ta kira maƙwabta kowa ya duba, ba wanda ya gane ko kalma. Ta ce, "Inna, ina tsoron ya mutu a hannuna yana gaya min abu ban sani ba." Yaya yana kwance yana kallon bakinta. Ban so ya gani ba, amma ya gani.

Ba irin dabarar da ba mu yi ba. Na ce a dawo da Gajere ɗakin Yaya, ga wuri, ni zan yi musu hidima su biyun. Da ɗansa ya dawo daga tafiya na same shi da maganar, ya ɓata rai.

"Inna, so kike a ce na kasa riƙe ubana na kai shi gidan wasu?"

"Ɗan nan, wa zai ce? Unguwar ma duk baƙi ne yanzu."

"Ni zan ce wa kaina."

Na ce to Yaya ya koma can. Ɗaki ɗaya ne da labule, ga mace da jariri, ina za a sa shi? Muka gwada tasi, sai ta tafi can ƙarshen gari kafin ta sami wurin juyowa, wa zai iya wannan kullum? Yaya ya zaunar da surukar ya koya mata karatun baki, ta yi ta ƙoƙari, abin da ta iya kamawa ruwa ne da fo, su ma in ya gaji bakin ya ƙara karkacewa sai su rikice mata. Abin da ƙara ta koya wa mutum tun yana saurayi ba a zuba wa wani shi a kunne.

To akwai wani wuri daidai bakin layinmu da masu gaggawa suka lanƙwasa ƙarfen shingen, mutum na iya raɓawa. Yaya na samun ƙafa ya nufi wurin. Na bi shi na tsaya ina kallo. Ya cire silifas ya riƙe a hannu, ya ɗora tafin ƙafa a kan kwalta, ya ɗan yi jim kamar mai sauraro, ya duba, ya ratsa. Ya kai tsakiya ya sake tsayawa, ya sake dafa ƙasa, ya wuce. Da ya dawo fuskarsa kamar an yi masa bushara, ya ce Gajere ya ci abinci, har ya zage shi.

Na tsaya a gabansa na buɗe baki sosai yadda zai gani. Na ce, "Yaya, motocin tsakiyar nan ba irin waɗanda ka sani ba ne. Ba sa girgiza ƙasa. Ni mai kunne ma ba na jin su."

"Abu ya yi girman wannan ƙasa ba ta ji shi ba? Auta, ke dai wanki kika sani."

"Kuma ba hannu ɗaya suke bi ba. An faɗa a lasifika, wata daga nan take zuwa wata daga can."

"Na fi shekara nawa ina tsallaka titin nan?"

"Ba shi ba ne, Yaya! Wancan ya mutu!"

Sai ya rufe ido. Haka yake yi in ba ya son magana. Mai kunne ko ya juya baya dole ya ji ki, shi kuwa yana rufe ido kin zama bango. Na yi ta faɗa ni kaɗai har na gaji.

Daga nan na ɗaura wa kaina raka shi. In na gama aikin safe na goya ki, don uwarki tana zuwa aiki a hannuna take barin ki, in riƙe masa hannu mu raɓa ta shingen, ni ina dubawa shi yana dafa ƙasa. Da la'asar in je in taho da shi. Ba ya so, yana cewa na mai da shi akuya, amma yana bari. Mun ɗauki lokaci a haka. Sai dai ni ma ba kullum nake samun kaina da wuri ba, in wanki ya yi yawa sai ya zauna a ƙofa yana jira, yana duban rana yana dubana.

Ranar da abin ya faru wankin ya yi yawa. Hannuna na cikin kumfa na ji layin ya ɗauki salati, na ga mutane na gudu wajen shinge. Ba wanda ya gaya min, na sani. Ko mayafi ban ɗauka ba.

Ya wuce hannun farko lafiya. A jan fentin ne motar ta same shi. Direban ba wani babba ba ne, na same shi zaune a kan kwalta ya ɗora hannu a ka yana kuka kamar mace ta rasa ɗa. Yana ta cewa, "Na yi masa hon, wallahi na yi masa hon. Na gan shi ya tsaya, na ce ya ji ni. Ya tsaya fa! Yana kallon wancan gefen, sai kawai ya tako." Gaskiya ya faɗa. Tsayawar nan da ya gani, Yaya yana tambayar ƙasa ne, ita kuwa ta ce masa ba komai.

Motar asibiti ta zo nan da nan, hanya a buɗe. Ba ta da amfani. Tun a wurin ya cika.

Bayan an kai shi, na ce ba wanda zai gaya wa Gajere sai ni. Na hau gadar na je. Ina shiga ya dubi bayana, yana jiran ya ga mai biyo ni. Na zauna a kujerar, na buɗe baki na faɗa masa a hankali. Shi ai yana karanta namu, mu ne ba ma karanta nasa. Ya daɗe yana kallona. Sai bakin ya fara motsi, ya yi ta motsi, da sauri, jijiyar wuyansa ta miƙe. Na matso, na ƙura ido har idona ya yi ruwa. Surukar ta ce ko ruwa yake so, ta kawo, ya kawar da kai. Ban sani ba ko tambayata yake yadda aka yi, ko addu'a yake, ko zagina yake don na bar shi ya fita. Har yau ban sani ba.

Na ci gaba da zuwa, in zauna ya yi ta yi min magana ina gyaɗa kai kamar na gane. Ya san ban gane ba. Daga baya ya daina yi da ni, ya koma yi da bango. Daga baya kuma ya daina gaba ɗaya. Bai ga damina ba.

Shingen an zo an gyara shi, an ƙara masa tsawo. Titin kuwa yana da kyau, ba zan yi ƙarya ba, ga shi kina zuwa aiki ki dawo da haskenki, kina cin abinci a wurin. Allah Ya sa albarka. Ni dai ban taɓa shiga motar nan ba, kuma kar ki ƙara cewa za ki biya min.

Safiyar ranar da abin ya faru, kafin Yaya ya fita, ya zo ya tsaya a kaina ina durƙushe gaban baho. Ya sa wankakkiyar riga, ya ɗauro reza da sabulu da ɗan madubi a leda. Na ɗaga kai na ce ya jira ni, saura zannuwan gado kawai. Ya dubi tulin wankin, ya dube ni, ya yi 'yar dariya. Ranar muryarsa ta fito daidai, ba ihu ba raɗa, kamar ta da.

"Yi aikinki, Auta. Jiya ya ce min gemu na yi masa ƙaiƙayi, ya ce na bar shi kamar ɗan fursuna. Bari in je in kwashe masa. Ki ɗora min ruwan zafi, gwiwar nan za ta so gashi in na dawo."